Kirsimetin farko ba Baban yara: in ci bashi mu je gida, ko in rufe ƙofata?

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 38, ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kaduna. Maigidana ya rasu a watan Yuni bayan 'yar gajeriyar jinya, ya bar ni da yara uku: mace mai shekara 14, da maza biyu, mai 9 da mai 5.

Tun da muka yi aure ba mu taɓa yin Kirsimeti a gari ba. Kowace shekara ran 23 ga Disamba muna hanyar ƙauyensu. Shi yake ɗinka wa yara kaya, ya shiga watanda, ya sayi buhun shinkafa ya kai wa mahaifiyarsa. Bana ba ni da ko kuɗin mota. Surukata ta kira ni tana kuka, ta ce in kawo mata jikokinta ta gani. Ƙanin mijina kuma ya ce in ban kawo su ba, ya nuna ke nan ina so in raba su da dangin ubansu. A coci Zumuntar Mata ta fitar da anko. Babbar 'yata ba ta ce komai ba, amma na ga yadda take kallon kayan ƙawayenta. Wata mata a unguwarmu ta ce za ta ba ni rance da ruwa, in biya a ƙarshen Janairu.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyata. Mijina ɗan ƙungiyar mawaƙa ne. Ran Lahadi da suka fara waƙoƙin Kirsimeti na kasa zama, na fita waje ina kuka. Wata 'yar'uwa ta biyo ni ta ce Kirista ba ya baƙin ciki a lokacin haihuwar Mai Ceto, in yi farin ciki cikin Ubangiji. Ni kuwa ba na jin komai. Ji nake da ma a tsallake watan nan. Autana ya tambaye ni ko Baba zai dawo ran Kirsimeti. Mama, zunubi nake yi? Bangaskiyata ce ta mutu? In karɓi rancen mu je gida, ko in rufe ƙofata har shekara ta fita?

Uwar yara uku, Kaduna

Sannu, 'yata. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran nan. Bari in fara da tambayar da ta hana ki barci, sauran duk za su biyo bayanta: ba zunubi kike yi ba, bangaskiyarki kuma ba ta mutu ba. Wata shida kawai da binne mijinki. Kin shiga majami'a, mawaƙa suka miƙe, idonki ya tafi layin da ya saba tsayawa, kunnenki ya nemi muryarsa a cikin muryoyin maza bai same ta ba. In da kin zauna kina tafi kamar ba abin da ya faru, da shi ne zan damu. A bakin kabarin Li'azaru Yesu ya yi hawaye, alhali ya san cikin ɗan lokaci zai kira shi ya fito. Manzo Bulus ma, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai hana masu bi baƙin ciki ba. Abin da ya ce shi ne kada namu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. 'Yar'uwar da ta biyo ki waje na tabbata da kyakkyawar niyya ta zo, sai dai ta ɗora miki kayan da Ubangiji bai ɗora miki ba. Ki yafe mata, ki ajiye maganarta a gefe.

Ina so ki ɗauki Littafi Mai Tsarki ki sake karanta labarin haihuwar, a hankali, kamar ba ki taɓa jin sa ba. Mun saba ganinsa a wasan kwaikwayon 'yan makarantar Lahadi, yara sun yafa farin zane, ana dariya ana tafi, har mun manta irin gidan da Allah ya zaɓa ya shiga. Luka ya ce umarni ne ya fito daga Kaisar Augustas a ƙidaya mutane, dole kowa ya koma garinsu. Yusufu ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ta fi daga Kaduna zuwa Zariya nisa, ba mota ba kwalta. Suka isa ba su sami ɗaki a masauki ba. Ta haihu, ta naɗe ɗanta da zanen goyo, ta kwantar da shi a komin dabbobi. Ke da kika yi haihuwa uku kin san abin da mai jego take bukata: ruwan zafi, kunu, da uwa ko goggo a kusa. Luka bai ambaci ko ɗaya ba.

Akwai wata aya da ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce Luka 2:24. Bayan kwana 40 suka kai jaririn Haikali a Urushalima, suka miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan shila biyu. Ki duba Littafin Firistoci 12:8 ki gani: asalin abin da Shari'a ta nema ɗan rago ne, tsuntsaye biyu rangwame ne da aka yi wa macen da ba ta da halin rago. Wato uwar Almasihu ta tsaya a layin talakawa, a gaban jama'a, da tsuntsaye a hannu. Ba ta je ta ci bashi ta sayi rago don kada a ga gazawarta ba, kuma Allah ya karɓa. A ranar ce tsohon nan Saminu ya rungumi jaririn ya yabi Allah, sa'an nan ya juya ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Matiyu kuwa, bayan labarin masana taurari da zinariya da lubban da mur, bai ɓoye mana sauran ba: Hirudus ya sa an karkashe 'yan yara maza na Baitalami daga shekara 2 zuwa ƙasa, aka ji kukan da annabi Irmiya ya yi maganarsa, Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa Masar. Wannan duka yana cikin labarin Kirsimeti, mu ne muke rufe littafin kafin mu kai wurin.

Sunan da aka ba shi Immanuwel, wato Allah tare da mu. Mu ɗin nan ya haɗa da matar da take zaune a bakin gado da ƙarfe biyun dare tana lissafin kuɗin haya. Albishirin da mala'ika ya kai wa makiyaya labari ne na abin da ya riga ya faru: an haifa muku Mai Ceto. Gaskiyarsa ba ta rataya a kan yadda zuciyarki take ji ran 25 ga Disamba ba. Kuma ke kina da hakki a kansa fiye da yadda kike tsammani, domin jaririn nan ya zo ne ya ɗauki jiki mai mutuwa, ya shiga kabari, ya fito. Mijinki da ya rera waƙoƙin nan shekara da shekaru yana hannun wanda ya rera wa.

Ni ma na taɓa yin Kirsimeti irin wannan, shekarar da mahaifiyata ta rasu. Jajibere na zauna a tsakar gida da tiren albasa a gabana, wuƙa a hannu, na kasa yanka ko ɗaya. Wata tsohuwa daga cocinmu ta yi sallama, ta ja kujera 'yar tsuguno, ta karɓi wuƙar daga hannuna ta fara yanka. Ba ta karanta mini aya ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta gama albasa ta jawo tattasai. Da za ta tafi ta dafa kaina ta ce, "Gobe ina nan zuwa mu tafi sujada tare." Na ji wa'azin Kirsimeti da yawa a rayuwata, amma ranar na gane abin da ake nufi da Allah tare da mu.

Yanzu batun gida. A wannan garin na Baitalami, tun kafin haihuwar Yesu da ɗaruruwan shekaru, wata tsohuwa ta dawo daga Mowab bayan ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu. Matan gari suka taru suna cewa ashe Na'omi ce, ta ce kada su kira ta Na'omi, su kira ta Mara, domin ta tafi a wadace ta dawo hannu wofi. Wadda take tsaye a gefenta matar ɗanta ce, Rut, ita ma gwauruwa. Ta wurin matan nan biyu aka sami Obida, kakan Dawuda, kuma sunan Rut yana cikin jerin kakannin Yesu a Matiyu sura 1. Na kawo miki wannan ne don ki dubi surukarki da wani ido. Ke kin rasa miji, ita ta rasa ɗan da ta goya. Kowace shekara ran 23 ga wata tana zaune a ƙofar gida tana jiran ƙarar mota. Ban yi tsammanin buhun shinkafa take nema ba. Fuskar ɗanta take so ta gani a fuskar yaran nan. A duk duniya ba wanda ya san girman rashinki kamarta.

Maganar ƙanin mijinki ta yi kaifi, bai kamata ya faɗa wa matar wansa haka a wata na shida ba. Amma tsoro ne a ƙarƙashinta. Ya ga gidajen da uba ya mutu, uwa ta kwashe yara, zumunci ya yanke. Shi ma mai yiwuwa bai san halin da kike ciki ba, don kin saba rufa wa gidanki asiri. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kira shi a cikin makon nan, da sanyin murya, ki ce masa: yaran nan naku ne, ba ni da niyyar raba su da ku, amma ga albashina, ga kuɗin makaranta a Janairu, ga haya, ba ni da kuɗin motar mutum huɗu zuwa da dawowa. Ki faɗi adadin kuɗin, kada ki yi ta kewaye-kewaye. In da gaske dangi suna so su ga yaran, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai su haɗa kuɗin mota su aiko. Ki kuma gaya masa tun yanzu cewa hannu biyu za ki zo, kada kowa ya sa ran abin da wansa ya saba kawowa.

In sun aiko, kuma kin ji za ki iya, ki je. Ki yi tafiyar rana, ki yi kwana biyu ko uku, ki shirya zuciyarki domin za ki ga ɗakinsa, wataƙila da kabarinsa in can aka binne shi. In ba su iya ba, akwai wata hanya: kuɗin mota yakan yi tashin gwauron zabi a kwanakin jajibere, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, amma yakan ɗan sauka bayan an gama rububi. Za ki iya sa musu rana bayan bikin, kafin a koma makaranta, ko ma hutun Ista, ki kuma cika alkawarin. Ko kuma ƙanin mijinki ya sako mahaifiyarsa a mota ta zo ta yi mako a wurinku, kuɗin mutum ɗaya ya fi na huɗu sauƙi. Ko wanne aka zaɓa, ran Kirsimeti da safe ki kira ta, ki ba kowane yaro waya ya gaishe ta da kansa. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma in ƙafa ta kasa bana, murya ta riƙe mata wuri.

Rancen nan kuwa, kada ki karɓa. A nan ba zan yi miki sassauci ba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bashin da ake ci don asibiti ko jari, akwai kuma wanda ake ci don kada mutane su yi magana. Na biyun kwana ɗaya ake cin moriyarsa, a yi wata da watanni ana biya. Ƙarshen Janairun da matar nan ta sa miki shi ne daidai lokacin da makaranta za ta koro yaranki. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi. Ki tuna da gwauruwar da ta je wurin Elisha a 2 Sarakuna sura 4, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Annabin ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan tulun mai. Daga nan Allah ya fara. Ke ma ki zauna da takarda da biro, ki fara ware kuɗin makaranta da na haya da abincin Janairu. Abin da ya rage, ko nawa ne, shi ne Kirsimetinku. Haka zan ce game da masu ba da rance ta waya, su ma ki kauce musu.

Anko ba sharaɗin sujada ba ne. Littafi Mai Tsarki bai ma faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Shaidar farko da ake da ita ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekara ta 336, kuma har gobe 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke nasu. Anko da watanda da sabon ɗinki al'adunmu ne, masu kyau ne, ni ma ina son su, amma mu muka yi su, don haka muna iya ajiye su shekara guda. Ki sami shugabar Zumunta ita kaɗai ki gaya mata bana ba za ki iya ba. Ki saka ankon bara. Kuma in fasto ko dattawa sun tambaye ki abin da kike bukata, kada kunya ta sa ki ce ba komai. Tun a Ayyukan Manzanni sura 6 ikkilisiya ta naɗa mutum bakwai musamman saboda an yi sakaci da rabon gwauraye, Yakubu 1:27 kuma ya sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar addini na gaskiya. Karɓar taimakon ikkilisiyarki ba bara ba ce, ke ma kin yi shekaru kina zuba baiko ana taimakon wasu. Zan kuma faɗa wa matan Zumunta da suke karanta wannan shafi: kafin ku yanke kuɗin anko, ku ƙirga matan da suka binne mazajensu a cikinku bana.

Sai yaran. 'Yarki mai shekara 14 shirun da take yi ba rashin so ba ne, tausayinki take ji, tana haɗiye nata kukan don kada ta ƙara miki. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki nuna mata lissafin kamar babba, ki tambaye ta abu ɗaya da ta fi so. Sau da yawa za ki tarar ɗankwali ne ko takalmi ko kitso, abin da ba zai karya ki ba. In akwai atamfarki da ba ki taɓa ɗinkawa ba a akwati, ki ba ta. In zuciyarki za ta ɗauka, ki zaɓi riga ɗaya ta ubansu ki kai wa tela ya rage wa mazan. Na ga yaron da ya ƙi cire irin wannan riga har ta yi masa kaɗan. In ba za ki iya taɓa kayansa ba tukuna, ki bar su, ba gaggawa.

Autanki kuma ki gaya masa gaskiya da kalmomin da zai gane. Kada ki ce Baba ya yi tafiya, don zai zauna yana kallon ƙofa, kada kuma ki ce barci yake yi, don zai fara tsoron barci. Ki ɗora shi a cinya ki ce Baba ya mutu, ba zai dawo gidan nan ba, yana wurin Yesu, kuma wata rana za mu sadu da shi. Zai sake tambaya gobe, da jibi. Ki ba shi amsa iri ɗaya kowane lokaci. In hawaye ya zubo miki a gabansa ba laifi, yana koyon cewa ana iya kuka a kuma yi addu'a a zama ɗaya.

Ran Kirsimetin, in kuna gari, kada ki rufe ƙofar. Da safe ki ɗauko Littafi Mai Tsarkin mijinki, wanda ya ja wa layi da hannunsa, ki ba babbar ta karanta Luka sura 2 daga aya 1 zuwa 20. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa game da Baba a Kirsimeti, ku ambace shi a cikin addu'ar godiya. Ki dafa abin da ya samu, ko kaza ɗaya ce ko kifi. In kin saba aika wa maƙwabta abinci, Musulmi da Kirista, ki zuba ko kwano ɗaya ne ki ba mai shekara 9 ya kai. A Nehemiya 8:10, mutanen da aka ce wa su aika wa marasa shi rabo, mutane ne da hawaye bai bushe a fuskarsu ba. Yaranki suna bukatar su ga cewa gidansu har yanzu gida ne da abinci yake fita daga cikinsa.

Abu ɗaya nake so ki sa wa ido a jikinki. Kuka da rashin jin daɗin biki a wannan lokaci ba abin tsoro ba ne. Amma in kin ga makonni suna wucewa ba kya barci, ba kya cin abinci, kin kasa zuwa aiki, ko tunani yana zuwa miki cewa gara ki bi shi, kada ki riƙe wannan ke kaɗai ko kwana ɗaya. Ki gaya wa matar fasto ko wata da kika amince da ita, ku je ku ga likita tare. A nan Kaduna akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, kuma zuwa wurinsu bai rage komai daga addu'arki ba.

Sujadar safiyar Kirsimeti kuwa, ina so ki je, amma ki yi wa kanki sauƙi. Ki zaɓi mace ɗaya tun yanzu, wadda ta iya yin shiru, ki roƙe ta ta biyo miki ku tafi tare. Ku zauna a bencin baya kusa da ƙofa. In mawaƙa suka tashi kika ji ba za ki iya ba, ki fita ki sha iska, ki dawo in kin iya. In bakinki ya kasa rerawa, ki riƙe Littafin Waƙoƙi a buɗe, jama'a su rera a madadinki. Ina yi miki addu'a da sunanki da na yaran, kuma ina jiran wasiƙarki bayan Sabuwar Shekara, ki gaya mini yadda kuka yi da ƙanin mijinki da kuma abin da babbar ta zaɓa.